Rinin ƙarfe: yadda ake ba ƙarfe launi ba tare da fenti ba

Rinin ƙarfe hanya ce ta ba ƙarfe launi ba tare da an shafa masa fenti ba. Maimakon a lulluɓe shi da wani abu daga waje, fatar ƙarfen ce da kanta ake sarrafawa har ta sha rini, ko ta sake launi ta hanyar wuta ko sinadari. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar salula mai jikin ƙarfe ja ko shuɗi, ko tocila baƙa mai santsi, ko ya lura da kayan ado masu ƙyalli da ƴan kabu-kabu ke ɗaura wa baburansu, to ya riga ya ga wannan aiki ko da bai san sunansa ba.

A jihar Damagaram, daga rumfunan masu walda na cikin gari har zuwa maƙerun ƙauyukan Mirya da Zermu, maganar ta shafi mutum uku: mai sana'a da ke neman abin da zai ƙara wa kayansa daraja, mai gini da ke zaɓen tagogi da ƙofofin da za su jure rana da ƙura, da kuma mai saye da ke biyan kuɗin launin da wani lokaci ba ya kai shekara.

Bambancin rini da fenti

Fenti riga ce. Ana haɗa garin launi da wani abu mai danƙo, a shafa a kan ƙarfe, ya bushe ya zama ɓawo. Muddin ɓawon nan yana manne, ƙarfe yana cikin kariya. Ranar da ya tsage, danshi ya shiga ta ƙarƙashi, tsatsa ta soma ci, sai a ga fenti yana kumbura yana ɓarewa.

Rini kuwa shiga jiki yake yi. Marini ya san zane yana shan baba ne domin zaren auduga yana da ƙananan kafofi da ruwan rini ke ratsawa. Haka dukawa suka san fatar da aka jeme tana shan jan karan dafi. Ƙarfe ba shi da irin waɗannan kafofi. In aka tsoma wuƙa ko cokali a cikin rini aka fitar, ruwa ɗaya ya isa ya wanke launin tas. Saboda haka duk dabarar rinin ƙarfe tana komawa ga abu guda: a samar wa ƙarfen wata fata mai kafofi wadda za ta iya shan rini ta riƙe shi.

A kasuwa ana haɗa abubuwa uku a kira su da suna ɗaya, alhali sun bambanta. Na farko shi ne rini na gaskiya, wanda ake yi wa goran ruwa, wato alminiyam, bayan an jiƙa shi da lantarki. Na biyu shi ne launin da ƙarfe ke fitarwa da kansa in ya sha wuta ko sinadari, kamar shuɗin da ake gani a salansar babur. Na uku shi ne rinin da ake narkawa a cikin banis mai haske a shafa a kan ƙarfe. Wannan na ƙarshe yana da kyan gani, domin ana hango ƙyallin ƙarfen ta cikinsa, amma ɗan'uwan fenti ne, kuma yana ɓarewa kamar yadda fenti ke yi.

Launin ƙarfe a tarihin yankin

Tun kafin fentin gwangwani ya shigo ƙasar, maƙeran wannan yanki suna da hanyarsu ta yi wa ƙarfe ado. Sana'ar ta kasu biyu: maƙeran baƙi, masu aikin hauya da gatari da lauje da mashi, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da jan gaci. Jan gaci tsohon kaya ne a ƙasar Nijar. Matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya ziyarci Takadda a 1353, ya ba da labarin yadda ake haƙo shi ana narkawa ana zuba shi sanda-sanda ana ciniki da shi.

A Damagaram ma aikin zubi ya yi ƙarfi. A zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884, maƙeran Birni sun kai ga zuba igwa da haɗa albarushi, abin da ya sa sarautar ta zama abin tsoro ga maƙwabtanta.

Maƙeran wancan zamani suna samun launi ne daga ƙarafan kansu. A ƙotar takobi, ko a kwaɗon Buzaye, ko a kayan doki na hawan salla, sai a jera jan gaci kusa da tagulla mai ruwan ɗorawa kusa da farar azurfa, launi uku ke nan ba tare da ɗigon fenti ba. Masu ƙera kayan azurfa, irin su sarƙar nan da Turawa ke kira kuros ɗin Zinder a cikin jerin kuros 21 na Nijar, suna zana ado da ƙaramin kurfi, sannan su baƙanta cikin zanen domin ya fito fili a kan farin azurfar. Irin wannan ado ba ya ɓarewa, domin ba shafa shi aka yi ba.

Goran ruwa, ƙarfen da ke shan rini

Goran ruwa baƙo ne a cikin ƙarafa. Sai a 1886 ne wani Bafaranshe, Paul Héroult, da wani Ba'amurke, Charles Hall, kowa a nasa gefen, suka gano yadda za a fitar da shi da yawa ta hanyar lantarki. Ana samun sa daga ƙasar boksit, wadda Gini ke cikin manyan masu haƙo ta a duniya, kuma akwai masana'antun narka shi a Edeya ta Kamaru da Tema ta Gana.

Wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a. Da zarar iska ta taɓa shi, sai wata fata siririya ta rufe shi nan take. Tsatsa ce ita ma, amma ba irin ta baƙin ƙarfe ba. Tsatsar baƙin ƙarfe tana ruɓewa tana zubewa, ta buɗe wa sabuwa hanya. Ta goran ruwa kuwa manne take gam, tana da tauri, kuma ita ke hana iska da danshi ci gaba da cin ƙarfen. Matsalarta ɗaya, ta yi sirantar da ba za ta iya riƙe rini ba.

Masana sun gano cewa in aka tsoma goran ruwa a cikin ruwan asid aka saka masa lantarki, fatar nan tana ƙara kauri sau dubbai, kuma tana fitowa da ramuka tsaye a jere kamar saƙar zuma, biliyoyi a faɗin farce guda. Wannan aiki shi ake kira anodizasiyo a Faransanci, a Hausa kuwa ana iya ce masa jiƙon lantarki. An fara amfani da shi a masana'anta a Ingila a 1923, lokacin da Bengough da Stuart suka ƙirƙiro shi domin kare sassan jiragen sama masu sauka a teku daga cin gishiri. A wannan shekarar aka yi rajistar wata hanyar a Japan, inda aka riƙa yin butoci da kwanukan abinci da ita. A 1927 Gower da O'Brien suka kawo hanyar amfani da asid irin na ruwan batir, wadda har yau ita ce aka fi bi a duniya, kuma ita ce ta fi dacewa da rini.

Akwai wata tsohuwar dangantaka a nan. Alif, wanda wasu ke kira alam, wanda ake jefawa a ruwa mai laka domin ya kwanta, yana ɗauke da sinadarin goran ruwa, kuma daga sunansa ne Turawa suka samo sunan alminiyam. Marina a ƙasashe da yawa sun daɗe suna amfani da alif domin rini ya kama zane. Ƙaunar da ke tsakanin rini da wannan sinadari ita ce dai ke aiki a cikin ramukan fatar ƙarfen.

Yadda ake aikin, mataki-mataki

Mataki na farko shi ne gyaran fuska. Ana goge kayan har ya yi sumul, domin rini ba ya ɓoye aibi. Duk wani karce ko tabon guduma zai fito fili bayan an gama. Daga nan a wanke maiƙo da datti. Ko shatin yatsa ɗaya aka bari, wurin ba zai sha launi daidai ba.

Na biyu, ana tsoma shi na ɗan lokaci a ruwan soda, irin wadda ake haɗa sabulu da ita, domin ta cinye tsohuwar fatar. Sai a ɗauraye, a tsoma a wani asid da ke cire baƙin dattin da sodar ta bari, a sake ɗaurayewa.

Na uku shi ne jiƙon kansa. Ana rataye kayan da wayar goran ruwa ko ta titaniyam a cikin baho mai ruwan asid, wanda ƙarfinsa ke tsakanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari. Ana haɗa kayan da ɓangaren lantarki mai alamar tarawa, a haɗa wani farantin ƙarfe da ɓangare mai alamar ɗebewa. Lantarkin irin na batir ne, ba irin na soket kai tsaye ba, ƙarfinsa wajen bolt 12 zuwa 20. Dole zafin ruwan ya tsaya kusa da digiri 20. Cikin rabin awa zuwa awa ɗaya fatar takan kai kaurin mikron 10 zuwa 25. Mikron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kuma silin gashin mutum yakan kai wajen mikron 70.

Na huɗu shi ne rinin. Bayan an ɗauraye kayan sosai, tun ramukan suna buɗe, sai a tsoma shi a ruwan rini mai ɗumi, digiri 50 zuwa 60. Mintoci kaɗan suna ba da launi mai haske, daɗewa kuma tana ƙara masa duhu. Baƙi wuluk yana buƙatar fata mai kauri da lokaci mai tsawo.

Na biyar, wanda shi ne makullin aikin, toshe ramuka. Ana dafa kayan a tataccen ruwa mai tafasa, wajen minti biyu zuwa uku ga kowane mikron na kauri. Fatar tana shan ruwan ta kumbura, bakin ramukan ya rufe, rinin ya maƙale a ciki. Masana'antu da yawa suna ƙara gishirin nikel domin saurin aikin. Kayan da ba a toshe shi da kyau ba yana zubar da launi, yana kuma shan duk wani datti da ya taɓa shi.

Akwai ma'auni na ƙasa da ƙasa, ISO 7599, da ya raba kaurin fatar aji-aji: 5, 10, 15, 20 da 25. Aji 5 da 10 na kayan cikin ɗaki ne. Abin da zai zauna a waje, kamar taga ko ƙofa, ana so ya kai aji 15 ko fiye. Akwai kuma jiƙo mai tauri, wanda ake yi a ruwa mai sanyi ƙwarai, fatarsa ta wuce mikron 25, ana yi wa sassan injuna da wasu tukwane masu tsada.

Launin da ke daɗewa da mai gudu

Ba duka launuka ne ke jure rana ba. Rinin da aka haɗa daga sinadarai irin na rinin tufafi, musamman ja da shuɗi, yana kwashewa in ya daɗe a hasken rana, kamar yadda atamfa ke yi a kan igiyar shanya. A ƙasa irin tamu, inda rana ke dukan kaya kusan kowace ranar shekara, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Shi ya sa jan kayan adon babur ke komawa ruwan hoda bayan wani lokaci.

Launin ruwan zinariya da ake samu daga gishirin baƙin ƙarfe ya fi jurewa. Wanda ya fi duka shi ne launin da ake sakawa da lantarki a karo na biyu, inda ake cusa ƙwayoyin kuza ko nikel a gindin ramukan. Daga nan ake samun ruwan tagulla, ruwan ƙasa mai duhu da baƙi, waɗanda ake gani a tagogin manyan gine-gine. Tunda ƙarfe ne a ciki ba rini ba, rana ba ta yi masa komai.

Launi ɗaya ne ba a samu ta wannan hanya: fari fat. Ƙwayoyin farin launi sun fi bakin ramukan girma. Don haka duk tagar goran ruwa fara sol da aka gani, fenti ne aka gasa mata a masana'anta. Haka kwanon rufi mai launin ja, kore ko shuɗi, shi ma fenti ne a kan kwano. Kwanukan jere masu furanni na ɗakin amarya kuwa wani aiki ne daban, gilashi ne aka narka a kan baƙin ƙarfe. Akwai kuma jiƙon da ba a saka masa launi ko kaɗan, kamar firam ɗin farantin hasken rana, wanda ake yi domin kariya kawai.

Me ya sa tukunyar dalma ba ta karɓa

Goran ruwan da aka fi sarrafawa a garuruwanmu shi ne na zubi. Sana'ar zuba tukwane a cikin yashi ta yaɗu a Afirka ta Yamma bayan yaƙin duniya na biyu, kuma yau da wuya a shiga kasuwa, daga Kasuwar Dole ta Damagaram har zuwa ta ƙauye, ba a ga jerin tukwane da ludaya da matsamai na zubi ba. Ana narka tsofaffin gwangwanaye, fistin na mota, kaskon inji, wayoyi da duk abin da ya samu. Goran ruwa yana narkewa a digiri 660, abin da gawayi da zuga-zugi ke iya kaiwa.

Irin wannan haɗi ba ya jiƙuwa da kyau. Sassan inji suna ɗauke da silikon mai yawa, shi kuwa silikon ba ya zama fata mai haske, sai ya bar kayan toka-toka ko baƙi-baƙi, da dabbare-dabbare. Ƙananan kogunan da zubin yashi ke bari a jikin tukunya suna riƙe asid, daga baya ya tsattsafo ya ɓata launin. Goran ruwan da ke shan rini da kyau shi ne na falle da na sanda da ke fitowa daga masana'anta, irin wanda ake haɗa tagogi da kantocin gilashi da shi.

A nan akwai buƙatar a rarrabe suna. Ana cewa tukunyar dalma, amma jikinta goran ruwa ne. Dalma ta ainihi ita ce ƙarfen nan mai nauyi da taushi na cikin batirin mota, kuma guba ce. Ita ce ta hallaka yara sama da 400 a jihar Zamfara ta Najeriya a 2010, ta hanyar ƙurar dutsen zinariya. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubi na Kamaru ya nuna cewa wasunsu suna sakin dalma a cikin abinci, saboda tarkacen da aka narka yana gauraye da ita. Abin da zai kare mai girki shi ne mazubi ya tsame duk wani tarkace mai dalma tun kafin ya jefa a wuta. Rini ko fenti ba sa gyara wannan.

Baƙin ƙarfe, tagulla da azurfa

Baƙin ƙarfe ba ya yin fatar da ke shan rini, amma yana da nasa launuka. In aka goge shi ya yi fari aka ɗora a wuta a hankali, yana soma yin ruwan kara a wajen digiri 220 zuwa 230, ya koma ruwan ƙasa, sannan ruwan gwaiduwar makuba mai duhu a wajen digiri 280, sannan shuɗi a wajen digiri 300. Maƙeri yana karanta waɗannan launuka ne domin ya san taurin da bakin wuƙa ko kurfi ya kai. Fatar tana da sirantar gaske, ba ta hana tsatsa sai an riƙa shafa mata mai.

Hanya ta biyu ita ce baƙantawa da mai. A gasa ƙarfe ya yi zafi, a shafa masa man gyaɗa ko wani man girki, man ya ƙone ya bar baƙar fata mai ɗan sheƙi. Wannan ya dace da hauya, gatari, murhu da kaskon suya, kuma kowace maƙera a Zermu ko wani ƙauye tana da abin da ake buƙata. Baƙin mai na inji bai dace da wannan aiki ba, musamman ga kayan girki, domin yana ɗauke da datti mai cutarwa, hayaƙinsa ma haka. A masana'anta kuwa ana dafa ƙarfen a ruwan soda mai ƙarfi da wasu gishirai a wajen digiri 140, ya fito baƙi. Haka ake yi wa bindigogi, kusoshi da kayan aikin kanikawa.

Tagulla da jan gaci suna yin duhu, daga baya su yi kore in sun daɗe a danshi. Masu aikin ado suna gaggauta wannan da sinadarai domin kaya ya yi kamar tsoho. Koren nan bai kamata ya haɗu da abinci ba. Azurfa kuma farar wuta ce ke baƙanta ta. Shi kuwa abin da ake kira ruwan zinariya a kan ɗankunne ko zobe, wani ƙarfe ne aka ɗora a kan wani, kuma yana gogewa da yawan sakawa.

Rini ko fenti?

Kowanne da inda ya fi. Rinin goran ruwa ba ya kumbura, ba ya ɓarewa, domin fatar daga jikin ƙarfen ta tsiro. Ya fi fenti jure karce da gogar yashin hunturu. Ba ya ƙara wa kaya kauri sosai, saboda haka zaren noti da ƙananan zane ba sa cikewa. Kuma ba ya buƙatar fetur ko tina, waɗanda warinsu ke damun ƙirjin masu fenti. Akwai ma maganar dalma a cikin wasu fentocin mai, musamman masu ruwan ɗorawa da ja, abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke kiran ƙasashe su hana su.

Amma fenti yana hawa kowane irin ƙarfe, yana ɓoye tabon walda, kuma in ya lalace ana iya gyara shi a inda yake da buroshi da gwangwani ɗaya. Rini ba ya gyaruwa haka. In ya karce har ya kai ga ƙarfe, sai dai a cire fatar gaba ɗaya a sake aikin. Ba a yin walda a kansa sai an kankare wurin, kuma layin walda yakan fito da launi daban. Zafin da ya wuce digiri 80 yana iya sa fatar ta yi ƙananan tsaga. Ga ƙofar baƙin ƙarfe, gadon ƙarfe, amalanke ko akwatin lefe, fenti mai kyau a kan jan fentin hana tsatsa shi ne dai mafita. Rini kuwa shawara ce da ake yankewa tun wajen zaɓen ƙarfe. Tun ran gini ran zane.

Abin da aikin ke buƙata a Damagaram

Matashin da ke tunanin kafa wannan sana'a yana da abubuwa huɗu da zai lissafa.

Na farko zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin gari yakan kai digiri 40 har ya wuce, alhali ruwan jiƙo digiri 20 yake so. In ya yi ɗumi, asid yana cinye fatar da sauri, ta fito da taushi kamar alli. Dole a samu injin sanyaya ruwa, ko aƙalla ƙanƙara a kewaye bahon.

Na biyu lantarki. Kowane fili mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi yana buƙatar wajen amfiya ɗaya da rabi. Tire mai santimita 30 kowane gefe, in aka lissafa gaba da baya, zai ci amfiya 27, wato wajen wat 400, kuma akasarin wannan ƙarfi zafi yake komawa a cikin ruwan. Sannan wuta ba za ta yanke a tsakiyar aiki ba. Jama'ar yankin ba su manta da abin da ya faru a watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar. Tunda lantarkin da ake so irin na batir ne, farantan hasken rana da batura suna iya ɗaukar ƙaramin aiki.

Na uku ruwa. Tsakanin kowane mataki akwai ɗauraya, kuma rini da toshewa suna son tataccen ruwa marar gishiri. A garin da ƙarancin ruwa ya zama tsohuwar matsala, wannan kuɗi ne da za a saka a lissafi tun farko.

Na huɗu haɗari. Asid da soda duka suna ƙona fata, ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Ana zuba asid a cikin ruwa a hankali, ba a taɓa zuba ruwa a cikin asid. Bahon jiƙo da na soda suna fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, don haka aikin na fili ne mai iska, nesa da murhu da sigari da tartsatsin walda. Ruwan tsohon batir bai dace ba, domin akwai dalma a cikinsa. Ruwan da aka gama aiki da shi sai an kashe kaifinsa da farar ƙasa kafin a zubar, kuma ba a kai shi kusa da rijiya ko tafkin da dabbobi ke sha. Kada a ajiye soda ko asid a gorar ruwan sha inda yaro zai kai hannu. Rinin tufafi na kasuwa yana iya kama fatar, amma yana saurin kwashewa, kuma ba a yi shi domin abin da za a ci ko a sha a ciki ba.

Kayan da suka fi dacewa da ƙaramar rumfa su ne ƙanana masu daraja: allunan suna da lambar gida, maƙalan makulli, ƴan kunne da awarwaro, kayan adon babur, lambobin yabo na wasanni, da ƙananan ƙarafan da dukawa ke saka wa jaka da takalmi.

Yadda mai saye zai gane, ya kuma kula

Maganaɗisu ba ya kama goran ruwa. In ya manne wa kaya mai launi, to baƙin ƙarfe ne a ciki, launin kuwa fenti ne ko banis ko wani ƙarfe da aka ɗora. A ɗiga tina a ƙyalle a goga a wani lungu: banis zai biyo ƙyallen, rinin gaskiya ba zai motsa ba. A duba gefe ko cikin rami, sau da yawa ana ganin ɗan tabo marar launi inda aka rataye kayan a baho. A ja layi da alƙalamin maka a wurin da ba a gani, a goge da jiƙaƙƙen ƙyalle mai ɗan barasar asibiti. In tabon ya zauna, ba a toshe ramukan da kyau ba, launin ba zai daɗe ba. Mai sayen tagogi ya tambayi ajin kaurin kafin ya biya. Araha ba ta ado.

Babban maƙiyin wannan fata shi ne duk abu mai kaifin kanwa. Kanwa, toka, soda da ruwan jabel suna cinye ta. Haka ɗanyen siminti: in ya fantsama a kan taga ya bushe, tabon ya zauna har abada, don haka a rufe firam da leda kafin magina su yi yaɓe. Kada a goge da yashi ko soson ƙarfe. Ruwa, sabulu marar kaifi da ƙyalle mai laushi sun isa, kuma a lokacin hunturu a fara zuba ruwa ƙurar ta sauka kafin a kai hannu.